Kalmar da aka yanke wa kai

Ƴan'uwa masu karatu, yau za mu leƙa gidan maƙwabta. Za mu ɗauko kalma guda ta Ingilishi, harshen aikin gwamnati a Najeriya da Gana. Masu zuwa kasuwar Jibiya ko Katsina ko Kano suna ganin rubutun harshen nan ko'ina. Ga kalmar: fence. Haruffa 5 ne, kuma duk kun san su. Amma ku yi hankali da c ɗin nan. Ba irin c na "ciki" ko "cokali" ba ne. Kamar s ake faɗin shi. Shi kuwa e na ƙarshe barci yake yi, ba a tashin shi. Sai ku ce: fens.

Ma'anar da aka fi sani ita ce shinge. Mu Hausawa mun rarrabe. Na ƙaya da ake yi wa garka, shinge ne. Na kara da ake kewaye gida da shi, danga ce ko darni. Mutumin Ingila ya haɗa su duka ya ce fence, har da na katako da na wayar ƙarfe. Ban da ginin ƙasa ko na siminti. Garun da Sarki Tanimun ya kewaye birnin Damagaram da shi, sunan shi dabam ne a Ingilishi.

To, daga ina kalmar ta fito? Kun taɓa ganin ƙofa an rubuta mata Défense d'entrer? Faransanci ne, wato an hana shiga. Kalmar défense tana nufin hani, tana kuma nufin kariya. A shekara ta 1066 mayaƙan Normandi, daga arewacin Faransa, suka ƙetare ruwa suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan aka daɗe ana Faransanci a fada da wurin shari'a. Kalmomi dubbai suka shiga Ingilishi, har da défense. Kun san baki ba ya son dogon abu. Yadda muke yanke wa Abubakar kai mu ce Bukar, haka su ma suka yanke wa défense kai, fence ta rage. Yau fiye da shekara 600 ke nan. Da farko kare kai take nufi. Ma'anar shinge daga baya ta zo.

Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne mabuɗin sauran: kariya.

Mai takobi yana sara, yana kuma kare sara. Shi ya sa idan mutum biyu suna wasan takobi, da kalmar fence ake faɗin abin da suke yi. Har yanzu ana wasan. Suna sa fararen tufafi da hula mai ragar ƙarfe, su kara a fili mai tsawon mita 14. Yana cikin wasannin Olamfik tun 1896, a birnin Atina na ƙasar Girka.

Yanzu ga wadda ta fi shafar mu. Wajen shekara ta 1700, ɓarayin Ingila suna da wata magana tasu ta ɓoye. A cikinta, mutumin da ke sayen kayan sata ya sake sayarwa, shi suke kira fence. Dubi yadda sunan ya dace! Ɓarawo ba ya iya kai saniyar da ya sato kasuwa da kan shi, don mai ita na neman ta. Sai ya samu wani mai rumfa, mai fararen kaya, wanda ba a zargi. Wannan shi ke tsayawa tsakanin ɓarawo da hukuma. Shi ne dangar da ɓarawo ke laɓewa bayanta. Har gobe ana kiran shi haka. In aka ce da Ingilishi wane fence ne, ba yabo ba ne, zargi ne babba.

A ganina, irin wannan mutum ya fi ɓarawon ɓarna. Ɓarawo guda ne, amma mai saye guda yana iya ciyar da ɓarayi goma. Dokar ƙasarmu ma ba ta ƙyale shi ba. Wanda ya karɓi kaya ko ya ɓoye su, alhali ya san na sata ne, jandarma na iya kama shi, alƙali ya tura shi gidan kaso. To, in baƙo ya kawo muku ragon jika 60 ya ce ku ba da jika 15, ku tambayi kanku dalili. In babur ne, ina takardunshi? In wayar salula ce, a ina aka saye ta? Wa ya san mai sayarwar? Araha ba ta ado, in ji masu magana. Wannan irin arahar kuwa har ɗauri tana jawowa.

Akwai kuma karin magana. In aka ce mutum yana zaune bisa fence, ana nufin ya ƙi ɗaukar ɓangare. Bai faɗa gonar wannan ba, bai faɗa gonar wancan ba, yana jira ya ga inda za ta faɗi. A siyasar Amurka aka fi jin ta da farko, kusan shekara 200 da suka wuce. In kuma aka ce mutum biyu suna gyaran fence, ba lalle ƙaya suka saro ba. Sulhu suke yi bayan ɓatawa.

Wani zai ce: to, malam, yaya zan gane wadda ake nufi? Yadda kuke ganewa a Hausa. Bakin mutum, bakin rijiya, bakin kasuwa, sa baki, kashe baki. Duk baki ne, amma ba ku taɓa rikicewa ba, don kuna sauraron kalmomin da ke kusa da shi. Haka ake yi a karatu. Kada ku tsaya kan kalma guda kuna ta kokawa da ita. Ku karanta jimlar har zuwa aya, sannan ku dawo. In kun ga gona da awaki a kusa, shinge ne. In kun ga takobi, wasa ne. In kun ga ƴan sanda da kotu, to, wani ya sayi abin da bai kamata ba.

Aiki

1. Wane harafi ne ba a faɗi a cikin fence?
2. Me ya haɗa shingen garka da mai sayen kayan sata?
3. Ku ɗauki kalmar "kai" ko "ido". Ku rubuta jimla 3, kowace da ma'anarta dabam. Ku kawo allo ko littafin rubutunku a zama mai zuwa.