Kafin a Ɗura wa Tsohuwar Motarka Sabon Gas

Duk bazara sai an kawo mini kuka iri ɗaya. Mutum yana da Fijo 505 ko tsohuwar Marsandi, an ɗura wa na'urar sanyinta gas, ta yi sanyi na 'yan makonni, daga nan kwamfireso ya fara ƙara, ya cije. Sai a ce gas ɗin jabu ne. Sau da yawa kuwa mai ne ya yi ɓarnar.

Motocin wancan zamani da gas ɗin R-12 aka ƙera su. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina sarrafa shi saboda yana cin rigar ozon da ke sararin samaniya, masu ƙera motoci suka koma R-134a a farkon shekarun 1990. To amma gas ba ya yawo shi kaɗai a cikin bututu, shi ne ke ɗaukar man da ke jiƙa kwamfireso. R-134a ba ya gaurayuwa da tsohon man R-12. Sai man ya kwanta a wani lungu, kwamfireso ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone.

Don haka, malam, ka tsaya a kan aikinka. A tsiyaye tsohon mai, a wanke bututu da kondensa, a zuba man esta, wanda shi ne ke jure ɗan ragowar tsohon. A sauya diraya, a sa sababbin robobin haɗi masu launin kore, a sauya bakin ɗura gas. Sannan a zuƙe iska da danshi da inji, aƙalla rabin awa. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma ba na yafe shi.

Wurin ɗurawa a yi amfani da sikeli. Kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na nauyin da aka rubuta wa R-12 ya isa. Ƙari ba ya ƙara sanyi, sai dai ya ƙara matsi.

Ka sani, a cunkoson tsakar rana sanyin zai ɗan ragu, domin sabon gas ya fi buƙatar iska a kan kondensa. Fankar lantarki a gabanta tana maganin wannan.

Idan wani ya ce zai sa maka gas ɗin girki ko R-22 na na'urar sanyin ɗaki don ya fi araha, ka karɓi makullinka ka tafi. Na farko yana kama wuta, na biyu kuma matsinsa ya fi ƙarfin tiyon motarka.