Darasi na 9: Khal ɗin Tuffa da Rage Ƙiba

Ɗalibi, idan ka zaga kasuwar Nguru ko ta Gashuwa, mai yiwuwa ka ga kwalaben khal ɗin tuffa a shagunan masu magani. Ana cewa wai yana narkar da kitse. Ruwan tuffa ne da aka bari ya yi tsami, kuma kusan kashi 5 cikin 100 na abin da ke kwalbar asid ne.

A shekarar 2009 an yi gwaji a Japan. Masu ƙiba sun sha cokali ɗaya ko biyu kullum har mako 12. Nauyinsu ya ragu da kilo ɗaya zuwa biyu kacal, da suka daina kuwa sai ya dawo. Wannan bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Shan sa tsura yana cinye haƙora, yana kuma ƙona maƙogwaro. Ga mutanen wannan yanki akwai abin da ya fi haka nauyi. Gashuwa ta daɗe tana fama da yawan masu ciwon ƙoda, ƙoda kuwa ita ce ke fitar da asid daga jini. Idan ta raunana, ƙarin asid wahala ce gare ta. Don haka mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin ciwon suga, su tambayi likita tukuna. Mai lafiya ya tsarma cokali ɗaya a kofin ruwa, ya kurkure baki bayan ya sha.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin ƙoda a jiki?
2. Yi jimla da kalmar “tsarma”.