Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Kwamfutar Gida da Intanet

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: yaya zai haɗa kwamfutarsa ta gida da intanet mai sauri?

To Malam, wayar da kamfanin intanet ya jawo maka, soka ta a ramin rauta (na'urar raba intanet) mai alamar WAN, ka ja wata daga ramin LAN zuwa kwamfutar. Adireshin IP kuwa, rautar ce ke rabawa da kanta, kada ka wahala. Sai ka buɗe burauza, ka rubuta lambar da ke manne a gindin rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Babban aikin yana nan: sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, ka zaɓi tsaron WPA2 ga WiFi ɗinka. In ka yi sakaci, yaran maƙwabta za su shanye maka data.