Jinyar Mai Shanyewar Jiki Farali Ce A Kan Jama'a

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, karatunmu na wannan mako zai tsaya ne a kan wani hakki da yawancinmu muke yi wa riƙon sakainar kashi, watau hakkin baligin da cuta ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ko laka ko jijiyoyi. Cikinsu akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda hatsarin mota ko faɗuwa daga bisa ya karya masa baya, da mai farfaɗiya, da tsohon da makyarkyata ta kama. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ranar da asibiti ya sallami irin wannan majinyaci, ran nan ne jinyarsa ta hau kan jama'ar unguwarsa, kuma jinya ce wadda ba ta yiwuwa sai da ilmi.

Za mu ɗauki ƙasar Haɗeja ta zama misali. Masarauta ce mai ƙananan hukumomi 8: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Mutanenta manoman fadama ne da masunta da makiyaya da 'yan kasuwa, masu ci da ƙarfin jikinsu. In ciwo ya kayar da magidanci a wani ƙauye na Guri ko Auyo, akan kawo shi Babban Asibitin Haɗeja. In abin ya yi tsanani a wuce da shi Dutse ko Birnin Kudu, ko kuwa Kano, zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, tafiyar sa'o'i a mota. Bayan 'yan makonni sai a sallame shi, a ce a riƙa kawo shi gashi. To, kuɗin mota ya ƙare, gona tana jira, da damina kuma ruwa kan datse hanya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022. Daga nan sai a shimfiɗe bawan Allah a ƙuryar ɗaki, a bar mace ɗaya da shi, a ce sai abin da Allah Ya yi.

Abin Da Magabata Suka Yi

Ba haka muka gada ba. Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai halarci yaƙin Badar ba, a shekara ta 2 bayan Hijira, saboda yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (S.A.W.), amma duk da haka aka ba shi albishir da ladan wanda ya halarta, aka kuma ba shi rabonsa na ganima. Ku duba girman Badar, sannan ku auna matsayin mai jinya. A shekara ta 5, da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida da ke cikin masallaci, domin ita mace ce da ta san kula da masu rauni, kuma domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ashe ke nan tun ran gini tun ran zane, jinya tana da gwanayenta, masallaci kuma yana da hannu a cikinta.

Abanu, ɗan Sayyidina Usmanu, yana cikin manyan malaman Madina, har ya taɓa riƙe gwamnan birnin. Ɓarin jikinsa ya shanye, amma Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo ruwayar da ta nuna yana karantar da hadisi alhali ciwon yana jikinsa. Masana tarihi kuma sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa ta 96 bayan Hijira, ya ba kowane gurgu mai yi masa hidima, kowane makaho kuma ɗan jagora, daga baitulmali.

Wannan aiki yana cikin abin da malamai suke kira farali na kifaya: in wasu sun tsaya da shi ya faɗi daga kan sauran, in kowa ya yi ko oho, laifin ya hau kan duk wanda ya sani kuma yake da iko. Muslim ya ruwaito hadisin da ya nuna cewa ranar Ƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan majinyacin da ya san da shi bai je duba shi ba. In tuhumar wanda bai je dubiya ba ke nan, ina ga unguwar da ta bar mutum ya ruɓe a kan tabarma?

Sanin Cutar

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe. Wani babban bincike da likitocin Nijeriya da Gana suka yi, wanda aka buga a 2018 kuma har da Kano a cikin wuraren da aka gudanar da shi, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin musabbabanta. Alamunta sanannu ne: baki ya karkace, hannu ko ƙafa su saki, magana ta harɗe, duk farat ɗaya. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a take, kada kuma a ɗura wa majinyacin ruwa ko rubutu ko jiƙo, domin maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya, abin ya wuce huhu. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, a yi su a cikin mota ana tafiya. Amma a zauna kwana uku ana cewa iska ce ko sammu, wannan ya saɓa wa hadisin Usamatu ɗan Sharik, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci bayin Allah da neman magani.

Farfaɗiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane wajen miliyan 50 ne suke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani suka lizimci shansa. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Ibn Abbas ya ba da labarin wata mata mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah (S.A.W.), ta zaɓi haƙuri bisa alkawarin Aljanna, ta roƙi ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana, ya kuwa yi mata. Ba wanda ya kore ta daga cikin mutane. Saboda haka in ciwon ya tashi, a kawar da abin da zai ji wa mutum rauni, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a suturta shi, a juya shi a gefensa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. In jijjigar ta wuce minti 5 a kai shi asibiti. A ƙasar ruwa irin Haɗeja, mai farfaɗiya kada ya shiga kwalekwale ko ya je su ko wanka a gulbi shi kaɗai, mace kuma kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu.

Ladubban Jinya A Gida

Tausayi marar ilmi yakan yi ɓarna. Ga abin da ƙwararrun nas-nas da ma'aikatan gashi suke koyarwa, wanda ya kamata kowane gida ya sani:

1. Wanda ba ya iya juya kansa a juya shi duk bayan awa 2, a riƙa duba ƙugu da kwatangwalo da diddige da kafaɗa. In wuri ya yi ja ko ya yi duhu, mafarin gyambon kwanciya ke nan, shi kuwa yakan ci nama har ƙashi. Shimfiɗa ta kasance busasshiya, ba tare da tudu ko tsakuwa ba.

2. Kada a ciyar da shi a kwance. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi zaune kamar rabin awa bayan ya gama. In yana sarƙewa ko tari wajen shan ruwa, a sanar da ma'aikacin lafiya.

3. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar na iya gocewa. Wajen sa riga a fara da hannun mai ciwo, wajen tuɓewa a ƙare da shi.

4. A riƙa lanƙwasa gaɓoɓinsa da miƙar da su a hankali kullum, yadda mai gashi ya nuna, don kada su sandare. Mafi yawan sauƙin da ake samu yakan zo ne cikin wata 3 zuwa 6 na farko, saboda haka jinkiri hasara ce.

5. Abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko da zai ɓata lokaci: riƙe moɗa, ɗaura maɓalli, jan carbi. Yi masa kome da kome yakan kashe ragowar ƙarfinsa.

6. Wanda maganarsa ta ɗauke sau da yawa hankalinsa yana nan. A yi masa magana kamar babba, a ba shi lokacin amsawa, kada a zauna a kansa ana zancensa kamar ba ya wurin.

7. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ga sauƙi, a kuma rage gishiri da dunƙule a miya, domin ciwon yana iya dawowa.

Ibadar Majinyaci

Da yawa sukan bar salla saboda suna ganin jikinsu ba tsarki, masu jinya kuma ba su tuna musu. Wannan kuskure ne babba. Matuƙar hankali yana nan, salla tana nan. Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci Imrana ɗan Husaini da ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Littafin Ahalari da muka karanta tun muna yara ya jera matakan: tsayuwa, tsayuwa da jingina, zama, zama da jingina, sannan kwanciya a gefen dama, ko na hagu, ko rigingine. A Risala an bayyana cewa wanda ruwa zai cutar, ko bai sami mai miƙo masa ba, ya yi taimama, har ma da bangon da ke kusa da shi in na ƙasa ne. Mai yoyon fitsarin da ya lizimce shi yawancin lokaci alwalarsa ba ta warwarewa da shi a mazhabar Maliku, sai dai an so ya sabunta ta. Wanda ya suma har lokacin salla ya fita ba ramuwa a kansa, amma in ya farfaɗo sai ya sake alwala. Azumi kuma Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ta yi wa majinyaci rangwame, saboda haka kada mai farfaɗiya ko mai hawan jini ya ajiye magani ba da shawarar likita ba.

Wajen wanka da tsarki, miji da mata su ne suka fi cancanta da juna, sannan namiji ya kula da namiji, mace ta kula da mace. In lalura ta tilasta, a buɗe gwargwadon bukata kawai. Ɗa namiji ya sani umurnin kyautata wa iyaye da ke Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, da shi ake, bai halatta ya jibga wa matarsa ko ƙanwarsa ɗawainiyar mahaifinsa ya tafi majalisa ba.

Abin Da Ya Hau Kan Jama'a

Bayan taron Alma-Ata na 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da tsarin farfaɗo da naƙasassu a cikin garuruwansu, inda ƙwararre yake koya wa 'yan gida da 'yan sa kai, shi kuma ya riƙa zagayowa yana dubawa. A 2007 gwamnatin Jihar Jigawa ta fara ba wasu naƙasassu naira 7,000 kowane wata, a watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu a dokar tarayya mai hana nuna musu bambanci. Duk wannan madalla. Amma doka ba ta juya majinyaci da tsakar dare, sai mutum.

Saboda haka muna kira ga kowane masallacin unguwa, liman da mai unguwa su san gidajen da ake da irin waɗannan majinyata. A zaɓi samari da mata masu amana, a nemi nas ko mai gashi ya koya musu, su riƙa karɓar masu jinya ko da na yini ɗaya ne a mako, domin mai jinya ma yakan gaji har ya kwanta. Kwamitin zakka na masarauta da masu hali su tuna cewa magidancin da ciwo ya raba da sana'arsa ya shiga sahun matalauta da Suratut Tauba, aya ta 60, ta ambata; keken guragu da katifa da kuɗin motar zuwa gashi duk bukata ce. Kafintoci da maƙeran gari suna iya yin sandar dogarawa da kujerar bayan gida da ƙarfen koyon tafiya. A yi wa ƙofar masallaci gangare domin keke ya shiga. Garuruwan bakin kogi kuma, tun kafin ruwa ya cika a watan Agusta da Satumba, a san wanda ba ya iya gudu, a san wanda zai ɗauke shi.

Iyaye kuma su ƙarfafa 'ya'yansu, maza da mata, su shiga makarantar nas ta Birnin Kudu, da ta kimiyyar lafiya ta Jahun, da sashen koyon gashi na Jami'ar Bayero, su kuma dawo su yi wa ƙasarsu aiki. Neman wannan ilmi shi ma farali ne na kifaya, kuma mata majinyata sun fi sakin jiki da 'yan'uwansu mata.

Daga ƙarshe, wanda aka jarrabta ya yi haƙuri, ya kuma dage da motsa jiki, domin dagewar ba ta kore tawakkali. Mu kuma masu lafiya mu je a auna jininmu tun muna tsaye da ƙafafunmu, mu tuna cewa wanda yake kwance yau, jiya shi ma yana sahun gaba a masallaci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.