Tumatirin da Aka Tsinka Yana Numfashi

Duk wanda ya taɓa yin ɗan lambu a bayan gida ya san wannan matsala. Mutum zai yi wata uku yana ban-ruwa yana jira, sai a wayi gari cikin watan Fabrairu tumatir ya nuna gaba ɗaya. A ba maƙwabta, a aika wa dangi, amma har yanzu da sauran kwando biyu. Kai shi kasuwa ba riba, domin a lokacin ne tumatirin Kadawa da na Kura yake cika ta. Bayan kwana huɗu sai ruwa ya fara tsiyaya daga gindin kwando. Haka mangwaro yake yi mana da bazara, haka kuɓewa da damina.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya gane shi ne, ɗan itacen da aka tsinka bai mutu ba. Ƙwayoyin halittarsa suna nan da rai, suna shaƙar iskar oksijin, suna ƙona sukarin da ke cikinsu, suna fitar da iskar kabon dayoksaid da ruwa da zafi. Da yana jikin uwarsa, ganye da saiwa suna mayar masa da abin da ya ƙone. Yanzu kuwa guzurinsa yake ci. Zafi yana hanzarta wannan numfashi ƙwarai: duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yakan ninka saurinsa sau biyu zuwa uku. Saboda haka a yi tsinka da sanyin safiya, a kai inuwa nan take, kada a tula shi da yawa wuri guda.

Abu na biyu wata iska ce mai suna etilin, wadda ba a ganinta. A shekarar 1934 wani masani a Ingila, Richard Gane, ya tabbatar da cewa tuffa da kanta take fitar da ita. Tumatir da mangwaro da ayaba da gwanda duk suna fitar da ita da yawa idan sun fara nuna, ita kuma takan sa na kusa da su su nuna. Wannan shi ne sirrin rufe ɗanyen mangwaro a tukunya da iyayenmu ke yi. To, mai amfanin gona da yawa akasin haka yake bukata. Ya ware nunannu daban, masu ja-ja daban, ɗanyu daban, a wuri mai iska. Da haka sai nunar ta zo masa kashi-kashi. Lemo da kankana da abarba ba sa cikin wannan rukuni, ba sa ƙara zaƙi bayan tsinka, don haka a bar su su nuna a jikin uwa.

Ruɓewa kuwa aikin bakteriya ne da fumfuna. Fatar tumatir ganuwa ce, kuma ƙurjewa ɗaya ta isa ta zama ƙofa. Wanda ya fashe a dafa shi a ranar.

Sanyaya kaya ba lalle sai da lantarki ba. Wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana zama tururi, yana tafiya da zafi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa. Tana aiki sosai da hunturu da bazara, lokacin da iska take a bushe. Da damina ƙarfinta kaɗan ne. Ni a ganina ta fi firiji dacewa da tumatir da mangwaro, domin sanyin da ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 yana lalata musu ɗanɗano, ya hana ɗanyu nuna yadda ya kamata.

Amma sanyi kwanaki kawai yake ƙarawa. Mai son watanni sai ya koma ga shanya. Kimanin kashi 94 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kuma idan aka janye ruwan, bakteriya da fumfuna ba su da wurin zama. Kauɗa dai ba baƙuwarmu ba ce, sai dai yadda ake yin ta a ƙasa ko a gefen titi, cikin ƙura da awaki, shi ke ɓata ta. A wanke tumatirin, a yanka shi da kauri ɗaya, a shimfiɗa a kan raga ko asabari bisa wani abu mai tudu don iska ta bi ta ƙasa, a lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda, a shigar da shi ɗaki da dare. Idan an matsa ba a ji danshi ba, a adana a mazubi mai murfi. Ganye kamar zogale da rama a inuwa ake shanya su, domin hasken rana yana rage sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A.

Akwai gargaɗi ga masu dafa kaya su ɗura a kwalba. Wata bakteriya mai suna Clostridium botulinum tana bunƙasa inda babu iska kuma babu tsami, gubarta tana kisa, kuma tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irinta. Markaɗaɗɗen tumatir yana da ɗan tsami, amma a ƙara masa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, a kuma tafasa kwalaben a rufe cikin ruwa. Kuɓewa da karas da ɗanyen wake ba su da tsamin; kada a ɗura su ta wannan hanya.

Ga malamai, ga gwaji mai sauƙi. A sami ɗanyun tumatir 9 masu girma ɗaya. A sa 3 cikin jakar takarda tare da nunanniyar ayaba, 3 cikin jaka ba ayaba, 3 kuma a fili cikin inuwa. Ɗalibai su riƙa rubuta launi da taurin kowanne kullum har kwana 7, sannan su bayyana dalilin bambancin da suka gani.