A ba matasa aikin da za a tambaye su a kai

Yarinya mai shekara 15 tana riƙe wa mahaifiyarta shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ta ba da canji ba kuskure, amma ranar Lahadi aikinta a majami'a bai wuce goge benci ba. Dattawan ikkilisiya, wannan asara ce, kuma mu muke jawo ta.

Ku ba matashi aikin da idan bai zo ba, za a ga giɓi: karatun Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a, ajin ƙanana a makarantar Lahadi, kula da lasifika, rubuta abin da aka tattauna a zumuntar matasa. Karatun nan na fi damuwa da shi. Tun 1932 muke da Littafin da Hausa, amma yaran birni da yawa sun fi sakin baki da Turanci, Hausar kuwa sai in'ina. A ba yaro ayoyinsa tun ranar Laraba, ya karanta wa wata uwa daga zumuntar mata, ta gyara masa. Idan ya yi tuntuɓe a kan bagade, kada kowa ya ƙwace masa karatun. A yi masa gyara daga baya, a keɓe.

Kowane aiki ya kasance da babba a bayansa, mace ga 'yan mata, namiji ga samari, a fili, da sanin iyaye. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda aka kafa a Glasgow a 1883, da haka take rainon shugabanni: a ba yaro ƙaramin muƙami, a sa ido, sannan a ƙara masa. Wanda yake cikin FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, a makarantarsa kuwa ya riga ya saba jagorantar addu'a, sai dai ba mu tambaya.

Sai batun hanya. Iyalai da dama a Tarauni sai sun hau A Daidaita Sahu zuwa Sabon Gari kafin su yi sujada. Taron tsakiyar mako kuɗin mota ne, kuma ba uwar da za ta so 'yarta tana kan titin Zariya bayan magariba. A haɗa horo da gwajin waƙa ranar Lahadi bayan an tashi. Idan WAEC ko JAMB ta matso, a ɗauke wa 'yan aji shida nauyin, a miƙa wa 'yan aji huɗu su fara koyo.