Kafin a ɗauki hanyar Maraɗi da iyali

Magidancin da zai kai iyalinsa Maraɗi daga Kano, ta Katsina da Jibiya, ya fara duba tayar safaya da jak tun jajibiri. Fasfo da katin rigakafin shawara su zauna a jakar uwargida, kada a tusa su ƙasan akwati. Yara kuwa a tanadar musu ruwa da dabino.

Inda baƙo ke ruɗewa shi ne ciniki. A Nijar da dala ake ƙirga sefa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai tsire a garin Ɗan Isa da ke kan hanyar ya ce "ashirin", sefa 100 yake nufi. Jaka kuma sefa 1,000 ce. Matafiyi ya tambaya kafin ya miƙa kuɗi.